A Yi Wa Katsina Ganuwar Itatuwa

Yau muna so mu jawo hankalin Gwamnatin Jihar Katsina, da Majalisar Mai Martaba Sarki, da dukan mutanen birni, bisa wata dukiya tasu wadda ta ke zurarewa kullum, ba mai cewa uffan. Dukiyar nan kuwa ita ce ƙasar da ganuwa ta bi ta kewaye birnin, da gwalalon da ke gindinta, da 'yan filayen da suka rage gefe da gefe. Shawararmu ita ce a tsare abin da ya saura na wannan ƙasa tun bai ƙare ba, a mai da shi hurumin gari, a dasa itatuwa sahu-sahu, a fid da hanyar ƙafa a tsakani, yadda mutum zai tashi daga wannan ƙofa ya isa waccan cikin inuwa. Kuma kowace unguwa ta riƙe rabonta, kamar yadda kakanni suka riƙe ganuwar kanta.

Masana tarihi suna danganta ginin babbar ganuwar Katsina da zamanin Sarki Ali Murabus, cikin ƙarni na 16. Sa'ad da Baturen nan matafiyi, Barth mutumin Jamus, wanda aka sani a ƙasar nan da suna Abdulkarim, ya sauka Katsina cikin 1851, ya ƙiyasta kewayenta mil 13 zuwa 14, alhali mutanen da ya tarar ciki, a ganinsa, ba su wuce 7,000 ko 8,000 ba. Watau galibin abin da ganuwa ta kewaye a wancan zamani gonaki ne da fili.

Abin da ya kamata mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa shi ne, yaya aka yi tulin ƙasa mai wannan tsawo ya tsaya shekaru ɗaruruwa, a ƙasar da kowace damina sai ruwa ya ci gini? Al'adar biranen Hausa ita ce, in damina ta ɗauke an gama kawo amfani gida, sai Sarki ya sa a yi shela, a raba ganuwa kashi-kashi, kowane hakimi da mutanensa, kowace unguwa da nata. Masu haƙa su haƙa, masu kwaɓa su kwaɓa, yara su ɗebo ruwa, makaɗa suna zuga su. Duk inda ya tsage an san wanda za a tambaya. Kowace ƙofa kuma da Sarkin Ƙofa, wanda ya san mai shiga ya san mai fita. Wannan tsari shi ya riƙe ganuwa, ya kuwa fi ita kanta ƙasar daraja.

Bayan da Turawa suka shigo ta Ƙofar 'Yandaka cikin 1903, yaƙin garuruwa ya ƙare, ganuwa ta rasa aikinta, gayyar gyara kuma ta mutu. Ruwa ya ci nasa, masu ɗibar ƙasar gini suka ci nasu, masu neman filin gida suka ƙarasa. Da Katsina ta zama babban birnin Jiha cikin 1987 sai abin ya ƙara sauri, har ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 300,000 cikin Ƙaramar Hukumar Katsina kaɗai. Yau ƙofofin suna nan da sunayensu: Ƙaura, da Ƙwaya, da 'Yandaka, da Guga, da Sauri, da Durɓi, da Marusa. Amma ganuwar da ta haɗa su sai guntu-guntu. Wani wuri gida ya hau ta, wani wuri shago, wani wuri kuwa juji ya binne ta.

Zafi Da Iska Da Ruwa

Ba mu ce a sāke gina ganuwar ƙasa ba, gama mahara da dawaki ba su ne abin tsoron birni a yanzu ba. Abin da ya ke cin Katsina yau zafi ne da ƙura da ambaliya. Cikin watan Afrilu zafi ya kan kai digiri 40, har ya zarce. Da hunturu iskar arewa ta kan shigo da ƙura ba abin da ya tare ta. Ruwan shekara kuwa ya kan zo ne cikin 'yan watanni, daga Yuni zuwa Satumba, ya sauka da ƙarfi gaba ɗaya. Dā gwalalo da kududdufai su ne su ke karɓarsa su riƙe, ƙasa ta sha a hankali, rijiyoyi su cika. Yanzu an cike da yawa daga cikinsu an yi gini, kwalta da siminti kuwa ba su shan ruwa. Ruwa ba ya manta hanyarsa, in an tare ta sai ya bi ta ɗakin mutum. Mutanen Jibiya sun ga iyakar abin cikin Yuli 2018, sa'ad da ambaliyar dare ɗaya ta halaka mutum fiye da 40. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ba mu raina aikin da Gwamnati ta yi wa birnin nan ba. An faɗaɗa tituna, an gina magudanai, an buɗe gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura cikin 2023, duk abin godiya ne. Amma mai mota shi ya fi cin moriyar waɗannan. Mutanen birni kuwa galibinsu a ƙasa su ke tafiya, ko bisa keke. Akwai ɗan makaranta da ya ke komawa gida da azahar, da mai tura kurar ruwa, da tsohuwa mai zuwa asibiti, da almajiri. Su ma suna da hakki cikin tsarin gari, hakkinsu kuwa ba shi da tsada: hanya mai inuwa wadda babur ba zai banke su a kai ba.

Har wa yau ba daga sifiri za a fara ba. A gefen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri, inda rafin Ginzo ya bi, akwai masu lambu da su ke noman latas da kabeji da alayyafo rani da damina, su ciyad da kasuwannin birni. Waɗannan lambuna su ne koren da ya rage wa Katsina, su ma gini yana matsa su. In an shata hurumin da mu ke magana, sai a haɗa da su, a bar masu su su ci gaba da sana'arsu, a kuma taimake su da tace ruwan da su ke ban ruwa da shi, gama ruwan kwatar gari yana gangarawa cikin rafin.

Abin Da Ya Sami Waɗansu

Kafin a ɗauki magirbi ya kamata a dubi waɗanda suka riga mu. Cikin 1965 Gwamnatin Nijar ta fara dasa bedi kewaye da birnin Yamai don ta tare masa iska da rairayi. Aka yi ta dashe shekara da shekaru da taimakon ƙasashen waje, har kurmin ya wuce hekta 2,000. Itatuwa suka kama, suka girma. Amma ba a warware batun masu gonakin asali ba, ba a kuwa ba mutanen unguwanni wani rabo cikin abin ba. Da birni ya bunƙasa fili ya yi tsada, sai aka shiga yanka fuloti cikin kurmi ana sayarwa, har babban kashi ya tafi.

'Yan'uwanmu Katsinawan Maraɗi kuwa wata hanya suka bi. Tun daga wajen 1983 manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture cikin gonakinsu, su zaɓi mai ƙarfi su sassabe sauran, su yi ta kiwonsa har ya zama itace. Abin ya yaɗu ne sa'ad da manomi ya tabbata itacen da ya raya nasa ne, ba wanda zai zo ya ci shi tara don ya sari reshe. An ƙiyasta ta wannan hanya kudancin Nijar ya sami itatuwa kamar miliyan 200 bisa hekta miliyan 5, ba tare da wani babban kuɗi ba.

A can Turai ma akwai misali. Birnin Farankfot na Jamus ya rushe ganuwarsa a farkon ƙarni na 19, ya mai da wurin lambun shaƙatawa, sa'an nan cikin 1827 ya yi dokar da ta hana gini a kai. Kusan shekara 200 ke nan, birnin ya zama cibiyar bankuna, taƙin ƙasa guda ya fi zinariya tsada, amma zoben itatuwan nan yana nan kewaye da tsohon gari.

Darasin a fili ya ke. Yamai ta sami kuɗi da itatuwa, ta rasa doka mai ƙarfi da yardar jama'a. Maraɗi ta nuna abin da mutum ya ke yi in ya san abu nasa ne. Farankfot ta nuna amfanin rubuta iyaka tun fili bai yi tsada ba. Sanin dashe kuwa ba baƙo ba ne a Katsina, gama shirin dashen itatuwa da aka fara cikin 1987 da taimakon ƙasashen Turai, wanda talakawa suka fi sani da E.E.C., ya bar mana ma'aikata da manoma da suka ƙware wajen renon iri.

Ƙasa Tukuna, Kāna Dashe

Mun saba ganin bikin dashen itatuwa kowace damina. Manya su zo da rumfa da lasifika, a dasa, a yi hoto, a watse. Kafin kaka awaki sun cinye rabi, kafin bazara ƙishirwa ta kashe sauran. Kada a bi wannan hanya. Aiki na farko na masu safiyo ne. Hukumar Tsara Birane ta Jiha, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Tarayya, su bi sawun ganuwa ƙafa da ƙafa, su rubuta inda ta ke tsaye, da inda ta faɗi amma filin yana nan, da inda gini ya riga ya hau. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Kwalejin Hassan Usman Katsina za su iya wannan awo, ya zama musu karatu. Sa'an nan a kafa duwatsun iyaka, a buga taswirar a jaridar Gwamnati, a manna ta a kowace ƙofa don kowa ya gani. Dokar Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna amana, saboda haka wannan mataki sa hannu kaɗai ya ke bukata. Daga ran da aka sa hannun, kada a ƙara ba kowa takardar fili cikin hurumin nan, kome girmansa.

Game da waɗanda suka riga suka yi gini, ra'ayinmu shi ne kada a tashi talaka daga gidan da ya haifi 'ya'yansa ciki saboda itace. Inda gini ya toshe, hanyar ta ratse ta bi titin da ke kusa, a dasa masa itatuwa, ta koma kan sawunta a gaba. In akwai wani wuri da ba makawa sai an karɓa, a biya diyya tukuna, a biya ta cikakkiya.

Aiki na biyu shawara ce da mutane, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Magajin Gari ya tara masu unguwanni, a yi taro ƙofa-ƙofa, da limamai, da 'yan kasuwa, da masu lambu, da samari. A yi wa mata nasu zama dabam inda za su faɗi abin da ke ransu, don su suka san inda yara su ke wasa da inda su ke jin tsoron bi da magariba. Wata unguwa za ta ce filin ƙwallo ta ke so, wata ta ce wurin zaman tsofaffi, wata ta ce ita dai a raba ta da juji da ruwan kwata. A rubuta duka, a zana taswira bisa ga abin da aka ji. Shirin raya al'umma da Gwamnatin Jiha ta ƙaddamar cikin 2024 a mazaɓu 361 ya riga ya buɗe ƙofar irin wannan shawara, sai a bi ta cikinsa. Kowane tsakanin ƙofa da ƙofa ya sami kwamitinsa, da mai kula guda wanda kowa ya san sunansa, ya zama shi ne Sarkin Ƙofar wannan zamani.

Ina Kuɗin?

Mu yi lissafi. Mil guda yadi 1,760 ne. In aka dasa itace kowane yadi 10, sahu biyu, mil guda zai ci dashe 352. Ko da an ɗauki mil 13 na Barth gaba ɗaya, dashen bai kai 5,000 ba, abin da gandun reno guda zai fitar cikin rani ɗaya. Ashe iri ba shi ne tsadar ba. Tsadar tana ga ruwa da kariya da mai tsaro, har rani biyu ko uku kafin saiwa ta kama. In kowane dashe zai sha jarka guda a mako, mil guda yana bukatar jarka 352 kowane mako, tun daga Oktoba har ruwa ya sauka. Duk shirin da bai faɗi wanda zai ɗebo wannan ruwa ba, shirin banza ne.

Muna ganin a raba nauyin uku. Gwamnati ta ɗauki abin da ya fi ƙarfin talaka: safiyo, da diyya, da magudanai, da rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana, da fitilu. Tana da inda za ta nema. Akwai rabon Jiha daga asusun gyaran muhalli na Tarayya. Akwai Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa cikin 2015, wadda Katsina ta ke cikin jihohinta 11. Akwai kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700, wanda Bankin Duniya ya amince da shi cikin Disamba 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Sai dai a tuna wannan na ƙarshe rance ne, 'ya'yanmu za su biya, saboda haka ya kamata a sa shi inda su ma za su sha inuwarsa.

Kashi na biyu na masu hali ne. Katsina ba ta rasa attajirai da manyan ma'aikata ba, a gida da Legas da Abuja. Malamai sun karantar da mu cewa dashen da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi sadaka ne ga mai dasawa. Wanda ya iya ya ɗauki rijiya guda, wani ya ɗauki yadi 100 da kariyarsa, wanda kuwa ya ke da fili jikin ganuwa ya ba da shi wakafi, a rubuta a gaban alkali don kada magada su tashe shi.

Kashi na uku na unguwa ne, shi ne kuwa ƙashin bayan aikin: ban ruwa, da shara, da ɗan abin da za a ba mai tsaro. Mun san halin da a ke ciki na tsadar abinci, ba mu ce a ɗora wa kowa haraji ba. Mai kuɗi ya ba da kuɗi kamar zubin adashi, marar kuɗi ya ba da ƙarfinsa ran gayya, a lissafa masa daidai da na mai kuɗi. Kowace makarantar boko da ta allo ta ɗauki itatuwanta, yaro ya san nasa. In itatuwa sun girma, 'ya'yan tsamiya da na bedi da rassan da aka sassabe su zama na unguwar da ta raya su, haka kuma kuɗin hayar 'yan rumfunan masu shayi da masu sayar da dashe a bakin ƙofofi. Amma kowane wata uku ma'aji ya karanta lissafi a bainar jama'a, ya manna shi a ƙofar masallaci. Abin da ya kashe ƙungiyoyin unguwa da yawa a ƙasar nan rashin wannan karatu ne.

Wajen zaɓen iri, bedi ya riga ya nuna jimirinsa, amma kada a cika wuri da shi kaɗai. A haɗa da tsamiya da maɗaci da kanya da aduwa, da gawo wanda ya ke fid da ganye da rani sa'ad da a ke neman inuwa. A nisanta itacen turare daga lambuna da rijiyoyi saboda yawan shan ruwansa. Kuma kada a dasa kome jikin abin da ya rage na ganuwa, don saiwa tana tsaga gini.

Masu Cewa A'a

Waɗansu za su ce kurmi cikin gari maɓoyar ƙauraye ce da mashaya. Maganarsu tana da kama, amma su dubi inda irin waɗannan su ke taruwa yanzu, ai kango ne da juji da gwalalon da ba mai bi. Wurin da aka sassabe rassansa na ƙasa, aka sa fitila, mutane suna kai da kawowa, ɓarawo ba ya son sa. Waɗansu kuma za su ce Jihar da ke fama da 'yan bindiga ba ta da sukunin zancen itatuwa. Lalle tsaron rai shi ne gaba da kome. Amma shata iyaka ba ya rage wa soja harsashi ko guda, kuma shi ne aikin da ba ya jira. Rijiya da fitila in ba a samu bana ba a samu baɗi. Filin da aka zuba wa harsashin gini kuwa ya tafi ke nan har abada.

Saboda haka muna roƙon a fara da yanki guda, a gwada. A ganinmu tsakanin Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi ya dace, gama ga lambuna, ga kuma tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe cikin 1922, inda Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu ta ke gidan tarihi. A yi safiyo da taron unguwanni da rani, a reni iri, a haƙa rijiya, a tanadi kariya, in ruwa ya zauna cikin Yuli a dasa. Bayan rani biyu a ƙirga abin da ya rayu a faɗa wa jama'a gaskiya. In ya yi kyau sauran ƙofofi da kansu za su zo neman nasu, gama Bakatsine ba ya yarda a ce wata unguwa ta fi tasa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamna yana da alƙalami, Sarki yana da murya, attajiri yana da dukiya, talaka yana da ƙarfi da sanin wuri. Muna fata Gwamnati za ta sa masu safiyo su fita tun cikin ranin nan, Majalisar Sarki kuma ta kira masu unguwanni. Allah ya ba shugabanninmu ikon tsare amanar da ke hannunsu, ya ba Katsina damina mai albarka, amin.